Ƙararrawar teburin adireshi ta hana suwic ɗinmu sakat a Aziziyya

Sagir, Aziziyya (daren 22 ga Ramadan):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Agaji nake nema, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni ke kula da intanet na wani masaukin masu Umra a nan Aziziyya ta Makka, hawa bakwai. Kowane hawa akwai ɗan akwati mai Linux, kenel (zuciyar manhajar) 5.10, a cikinsa kuma da suwic (na'urar da ke rarraba saƙo tsakanin wayoyi) na Marvell, 88E6352, mai ƙofa bakwai. Tun da goman ƙarshe ta ƙarato akwatin hawa na huɗu yake rikicewa. Da rana lafiya lau. Da mutane sun dawo daga Harami cikin dare, wajen ƙarfe uku, sai intanet ɗin hawan ya yi nauyi, kiran bidiyo ya riƙa yankewa. In na shiga akwatin daga nesa ta SSH, ko umarnin duba ƙofofi na buga sai ya yi daƙiƙa goma bai amsa ba. Littafin kenel kuwa layi ɗaya ne ya cika shi, ATU member violation, da adireshi guda ana ta nanata shi.

Ga abin da na yi: na buɗe global1_atu.c, fayil ɗin direba (shirin da ke sarrafa suwic ɗin), na cire wurin da direban ke neman intarof ɗin wannan laifi, wato ƙararrawar da suwic ke kaɗa wa firosesa, na sake haɗa kenel. Ban ɗora ba tukuna. Tunda ƙarar ce ke damun na'urar, in na toshe mata baki ai an huta ko?

Malam Bashir, Jidda:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba a fafa gora ranar tafiya. Gida cike yake da baƙin Allah, tsoho yana so ya kira 'ya'yansa a Katsina ko Damagaram ya ce musu ya gama ɗawafi lafiya. In cire intarof ɗin zai ba su layi, cire shi, bayan Sallah ka zauna ka yi bincike a tsanake. Na haura shekara ashirin a wannan aiki, tun ina Wad Madani kafin in ƙetaro Bahar Maliya, kuma ban taɓa ganin mai gidan da ya tambaye ni me kenel ta ce ba. Tambayarsa ɗaya ce, yana aiki ko ba ya aiki.

Injiniya Rabi, Zahran:
Baba Bashir, da girmanka da komai, ban goyi bayan wannan ba. Sagir, kada ka ɗora kenel ɗin nan. Ruwa ba ya tsami banza. Suwic ɗin ba shi da wata hanyar faɗa maka abin da yake gani a ƙofofinsa sai wannan ƙararrawar, kuma abin da yake faɗa gaskiya ne. In ka cire ta, abin da ke faruwa a wayoyin zai ci gaba, kai ne kawai za ka daina ji. Amsa mini biyu: adireshin da ake nanatawa na wace na'ura ne, kuma ka taɓa rubuta shi da hannunka a teburin suwic ɗin?

Nura, Madina:
Anti Rabi, kafin ku yi nisa a taimaka wa ɗalibi. Na san suwic yana koyon adireshi, amma mene ne ATU, kuma laifin me ake cewa an yi?

Injiniya Rabi, Zahran:
To Nura. Kowace na'ura a kan waya tana da adireshin MAC, bit 48. Duk fakitin da ya shigo, suwic yana duba adireshin mai aikowa ya rubuta a teburinsa cewa wane yana bayan ƙofa kaza. In wani fakiti ya zo neman wane, ba sai an buga kowace ƙofa ba, ta can kawai za a tura shi. Wannan teburin shi Marvell ke kira ATU, kuma a 88E6352 yana ɗaukar adireshi 8192. Abin da suwic ya koya da kansa yana tsufa. Gadar Linux, wato ɓangaren kenel da ke haɗa ƙofofin, tana ba shi daƙiƙa 300, in ba a sake jin ɗuriyar mai adireshin ba sai a goge. Amma wanda mutum ya kafa da hannu ba ya tsufa, ba ya kuma ƙaura.

Laifuffukan da teburin ke kai ƙara huɗu ne, kowanne da bit ɗinsa a rajistar aikin ATU, wato rajista 0x0B a rukunin Global 1. Bit 7 na adireshin da ya tsufa ne, bit 4 na rashin wurin rubuta sabo, bit 5 na baƙon da ba a san shi ba a ƙofar da aka kulle. Namu shi ne bit 6: adireshin yana cikin tebur, an ce yana ƙofa kaza, sai ga shi ya ɓullo ta wata ƙofa daban. Kamar a ce an rubuta Alhaji wane a ɗaki 12, sai ga wani ya fito daga ɗaki 40 riƙe da fasfonsa. Duka huɗun igiyar ƙararrawa ɗaya suke ja, ita ce bit 3 a rajistar matsayi ta Global 1. Direba ne zai je ya aika umarnin karanta laifi da share shi, sannan ya ga wanne ne daga ciki.

Sagir, Aziziyya:
Anti, adireshin na babbar rauta ne, mai kawo wa gidan intanet, da ke ƙasa wajen karɓar baƙi. Kuma e, ni na kafa shi da hannu a ƙofar da ke gangarawa ƙasa, a duk akwatuna bakwai ɗin, tun watan Rajab. Na yi haka ne don kada wani ya zo da na'ura ya yi shigar rauta.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Shekaranjiya na ga direban yana amfani da zare, wato ɗan aiki na daban da ke jiran lokacinsa, wajen amsa intarof, sai na ɗauka shi ne ke jawo jinkiri, na mayar da shi amsawar kai tsaye. Akwatin gwaji ya faɗi nan take da saƙon scheduling while atomic. Na maido yadda yake. Bayan haka na ga saƙon laifin yana fitowa goma-goma sai ya yi shiru, ni kuma ina so in ga dukansu, sai na sa printk nawa, umarnin rubuta saƙo a littafin kenel, mara iyaka a cikin aikin. Wannan na ɗora shi a hawa na huɗu, kuma tun daga nan abin ya ƙara muni.

Abdulhadi, Jarwal:
La haula. Ya Sagir, konsol ɗin siriyal, inda saƙon kenel ke fita ta waya, yana kunne a akwatin?

Sagir, Aziziyya:
Yana kunne, 115200.

Injiniya Rabi, Zahran:
To ga rabin ciwonka nan. Madalla da ka faɗa, don da ba ka faɗa ba da mun kwana muna lalube a duhu.

Bari in fara da zaren. Suwic ɗin nan ba a cikin firosesa yake ba, ta wayoyi biyu na MDIO ake magana da shi. Agogon layin a ƙa'ida bai wuce megahaz 2.5 ba, kowace magana kuma bit 64 ce, 32 na share fage, 32 na saƙo. Ka raba, za ka samu kusan maikurodaƙiƙa 26 kafin a karanta rajista ɗaya tak. Layin yana da kwaɗonsa da ke hana biyu shiga lokaci ɗaya, direban ma yana da nasa, reg_lock, kuma irin kwaɗon da mai jiransa ke kwantawa barci ne. A amsawar kai tsaye an hana barci. Shi ya sa kenel ta yi maka ihu. Ba gyare-gyaren banza ya sa aka yi shi da zare ba, babu wata hanyar ce.

Yanzu ƙirga aikin laifi ɗaya. A karanta rajistar matsayi, a jira ATU ya gama abin da yake yi, a rubuta umarni, a sake jira, a karanta rajistar aiki, a karanta ta bayanai, a karanta guda uku na adireshin, a koma a duba ko akwai saura. Ka ce sha biyu. Wajen maikurodaƙiƙa 300 ke nan in suwic ɗin shi kaɗai ne a layin. In kuwa an saita shi a tsarin da suwic da yawa ke raba layi ɗaya, kowane karatu sai ya bi ta rajistar umarni da ta bayanai, magana huɗu maimakon ɗaya, sai laifi ɗaya ya haura milidaƙiƙa guda.

Sai kai ka zo ka ɗora printk. Layi mai harafi 80 a gudun 115200 yana cin kusan milidaƙiƙa 7, ya ninka aikin kansa sau ashirin da wani abu. Kuma a kenel 5.10 ana buga saƙon ne alhali reg_lock yana riƙe. Duk mai son taɓa suwic ɗin, mai duba ko waya na haɗe, mai karanta ƙididdiga, mai duba tebur, sai ya bi layi a bayanka. Goma-goman da ka gani kuwa da gangan aka yi: saƙo 10 cikin daƙiƙa 5, sauran a haɗiye. Cire printk ɗinka yau kafin sahur.

Abdulhadi, Jarwal:
Maganar Injiniya daidai ce. Amma ni ina tsakiya, ban ce a cire ba, ban ce a bari yadda yake ba. Ko babu printk, laifi dubu biyu a daƙiƙa zai cinye fiye da rabin lokacin layin MDIO. Me zai hana a yi yadda katin sadarwa ke yi in fakiti sun yi yawa? A ƙirga, in laifi ya wuce ɗari a daƙiƙa sai a rufe intarof ɗin, a sa aikin jinkiri ya sake buɗe shi bayan daƙiƙa ɗaya. Kana jin ƙarar, amma ba ta kurmantar da kai. Faci ne na layi talatin, ba ƙari.

Injiniya Rabi, Zahran:
Shawarar tana da kyau Abdulhadi, amma layi talatin ɗin nan akwai rijiya uku a cikinsu, kuma na taɓa faɗawa biyu daga ciki a wurin aiki.

In ka kira disable_irq daga cikin zaren, ita tana jiran zaren ya gama, zaren kuma yana jiran ta. To ka ce za ka yi amfani da disable_irq_nosync. Ita kuma kafin ta taɓa komai sai ta kama kwaɗon layin na mai rarraba intarof, wanda a wannan direban shi ne dai reg_lock. In kana riƙe da shi ka kira ta, ka kulle kanka a ɗaki ka haɗiye makulli. Dole sai ka saki tukuna.

Ta ukun ita ta fi ɓoyuwa. Kenel tana da kasala wajen rufe intarof: tana rubutawa a wajenta cewa an rufe, amma ba ta zuwa ta rufe a jikin na'ura nan take. Shi kuma babban zaren Global 1 yana kewayawa ne, ba ya fita sai ya ga babu wani bit a tashe cikin waɗanda aka buɗe. Ka ga abin da zai faru: bit 3 yana tashe, a suwic kuma ba a rufe shi ba, zaren ya miƙa wa mai amsawa, a ce masa an rufe, babu wanda ya share laifin, zaren ya sake dubawa ya tarar yana nan. Haka zai yi ta juyawa ba iyaka. Sai ka sa wa intarof ɗin alamar IRQ_DISABLE_UNLAZY tun wajen nemansa. Ana iya yi, amma ba aikin daren 22 ba ne a kan akwatin da mutane ke amfani da shi.

Malam Bashir, Jidda:
To kun ji. Ai abin da nake gudu ke nan. Ku biyu masana kun ƙirga rijiya uku a faci ɗaya, shi kuma yaron nan shi kaɗai ne a bene bakwai da azumi a bakinsa. Cirewa layi ɗaya ce, ba ta da rijiya.

Injiniya Rabi, Zahran:
Baba, cirewar ma tana da tata. Fakitin da ke ɗauke da adireshin rauta suna shigowa ta ƙofar da ba tasu ba, dubbai. Ko dai wani ya saci adireshin, ko kuma wata waya ta ciji wutsiyarta, abin da rauta ta watsa yana zagayowa ya dawo. In zobe ne, shi ke cinye hanyar hawan, ba ƙararrawar ba. Ya cire intarof, SSH ya yi masa sauri, amma kiran tsohon nan na Damagaram zai ci gaba da yankewa, kuma babu sauran abin da zai nuna masa inda zai nufa.

Sagir, ba ka buƙatar faci ko kaɗan. Koma kenel ɗinka ta asali. Direban yana ƙirga laifin kowace ƙofa. Buga ethtool -S a kan kowace ƙofa, nemi atu_member_violation, jira daƙiƙa goma, sake bugawa. Wadda lambarta ke gudu ita ce. A saƙon ma akwai spid a ƙarshen layi, lambar ƙofar da fakitin ya shigo ke nan, ana ɗaukota daga bit huɗu na ƙasa a rajistar bayanai. Sai dai ka sani lambar ba yawan fakiti take ƙirgawa ba, yawan lokutan da direba ya samu zuwa ya share take ƙirgawa.

Sagir, Aziziyya (daren 23):
Jama'a, gani ya kori ji.

Na maido kenel ta asali bayan la'asar. Ƙarfe uku saura kwata ina zaune a matattakalar hawa na huɗu da kwamfuta a cinya, lif yana ta sauke mutane. Duk ƙofofi sifili. Uku da minti shida sai lambar ƙofar lan3 ta tashi, kafin in sake bugawa ta haura dubu huɗu. Wannan ƙofar tana zuwa wani ƙaramin suwic da ke ciyar da ɗakuna shida na ƙarshen baranda. Na riƙa zare wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ina kallon lambar. A ta huɗu ta tsaya cak.

Na ƙwanƙwasa ɗakin. Jagoran wani ayari ne, dattijo, ya buɗe da carbi a hannu, bai ko cire jallabiyar da ya je Harami da ita ba. A bayan talabijin, tsakanin jarkar zamzam da kwalin dabino, ga wata 'yar farar na'ura mai kunne biyu, irin mai ƙara ƙarfin Wi-Fi. Ta kama Wi-Fi ɗin masaukin ta iska, shi kuma ya zare wayar talabijin daga bango ya soka mata, a tunaninsa haka za ta fi ƙarfi. Ya ce mini, "Ɗana, tsofaffi goma sha ɗaya ne a hannuna, a ɗakunan nan saƙo ba ya fita, iyalansu ni suke kira." Yana kunna ta in sun dawo, ya kashe in za su fita sallar asuba don kada ta yi zafi. Wallahi ban iya yi masa faɗa ba. Na zare wayar na mayar wa talabijin, na bar masa na'urar ta iska kawai, na nuna masa lambar a kwamfuta, tana gudu in an soka, tana tsayawa in an zare. Ya yi ta salati yana ba ni haƙuri, ya cika mini aljihu da dabino.

Malam Bashir, Jidda:
Alhamdu lillah. Rabi, 'yata, ke ce da gaskiya a wannan, na karɓa. Amma ban janye duka ba. Kun ji abin da dattijon ya ce? Saƙo ba ya fita a ƙarshen baranda. Ga ciwon asali nan, kuma babu rajistar da za ta faɗa maka shi, sai ka taka da ƙafarka ka tsaya a ɗakin da waya a hannu. Muddin ba a ƙara na'urar Wi-Fi a can ba, gobe wani jagoran zai zo da tasa. Sagir, ka rubuta wa mai gida wannan da Larabci, gajere, ka sa farashi.

Nura, Madina:
Tambaya biyu. Me ya sa intanet ɗin bai mutu gaba ɗaya ba, tunda a aji an ce zobe yana kashe komai? Sannan da yawan wayoyin masu Umra, teburin ba zai cika ba?

Abdulhadi, Jarwal:
Ta farko, rabin zoben ta iska ya bi, iska kuma ba ta da faɗin wayar gigabit, sai ta zama ita ce maƙogwaron da ke rage gudun. Sannan adireshin da Sagir ya kafa da hannu ya taimaka. Da koyonsa suwic ya yi da kansa, da duk lokacin da fakitin ya zagayo sai ya goge ya rubuta cewa rauta ta koma lan3, saƙon mutane ya riƙa bin hanyar da ba ta ɓullewa, kuma da babu ƙarar da za a ji. Kafaffen ya ƙi motsi, ya kai ƙara.

Ta biyu, 8192 ya ishi hawa ɗaya nesa ba kusa ba, ko da yake wayoyin yanzu suna ƙirƙiro adireshi na daban ga kowane Wi-Fi, Android tun sigar 10, iPhone tun iOS 14. Abin lura shi ne teburin ba jeri ɗaya ba ne. Ana niƙa adireshin a fitar da lamba, lambar ta nuna masa layinsa, kowane layi kuma gurbi huɗu gare shi. In adireshi na biyar ya faɗo layin da gurabunsa huɗu duk kafaffu ne, babu wanda za a tayar, sai a kai ƙarar cika alhali sauran teburin wayam. Buga devlink resource show za ka ga yadda kowane gurbi ya cika.

Injiniya Rabi, Zahran:
Tunda an zo kan cika: a 2024 an gyara wani kuskure a daidai wannan reshen. In firosesa ce da kanta ta yi ƙoƙarin rubuta adireshi aka rasa wuri, lambar ƙofar da suwic ke bayarwa tana iya wuce girman jerin ƙofofin direba. Bit huɗu suna kaiwa 15, jerin kuma 12 ne. Ana ƙara ɗaya a wurin da ba na direba ba. Shekara shida aikin yana kenel, tun da Andrew Lunn ya shigar da shi a farkon 2018, kafin a kama. Duk mai shirin taɓa wannan fayil ya riƙe wannan a ransa: lambar da na'ura ta ba ka, auna ta kafin ka shiga jeri da ita.

Sagir, Aziziyya:
Anti, to yaya zan hana a sake? Na kunna STP, tsarin da ke gano zobe ya toshe shi, a gadar yau. Ya isa?

Abdulhadi, Jarwal:
Ka bar shi a kunne, amma kada ka jingina da shi. STP yana gane zobe ne in saƙonsa ya zagayo ya dawo masa, ƙananan na'urorin nan kuwa wasu haɗiye saƙon suke yi, musamman ta ɓangaren iska. Sannan ka tuna tsohon STP yana riƙe ƙofa daƙiƙa 15 sau biyu kafin ya bar ta ta wuce da kaya, kada wani ya soka waya ya ce maka ba ta aiki.

Injiniya Rabi, Zahran:
Maganin da ya dace da soket ɗin ɗaki shi ne kulle ƙofa, kuma a nan za ka ga amfanin abin da ka so cirewa. Tun kenel 5.18 gadar Linux ta san kulle ƙofa: ba mai wucewa sai wanda adireshinsa ke rubuce. A 6.2 aka ƙara MAB, hanyar tantance baƙuwar na'ura ta adireshinta na MAC, a 6.3 kuma direban Marvell ya iya shi. Yadda yake aiki, baƙuwar na'ura ta yi magana a kullalliyar ƙofa, suwic ya jefar da fakitin ya tayar da bit 5, direba ya karanta adireshin da ƙofar ya sanar da gada, gada ta rubuta shi a matsayin mai jiran izini, wani shiri naka a sama ya duba ya ce talabijin ɗin ɗaki ne a bar shi, ko ba a san shi ba. Duk wannan a kan intarof ɗin nan yake tsaye. Babu shi, babu MAB.

Kafin su shigar da shi sai da suka gajarta wurin da zaren ke riƙe reg_lock. Dalili, sanar da gada yana buƙatar rtnl_lock, babban kwaɗon sadarwa na kenel. Umarnin da ke zuwa daga sama, kamar ƙara adireshi ko sauya VLAN, rtnl yake fara kamawa sannan ya gangaro ya nemi reg_lock. In zaren ya riƙe reg_lock ya je neman rtnl, kowa na riƙe da abin da ɗan uwansa ke jira, sai a yi cirko-cirko har a kashe na'ura. Shi ya sa yanzu yake karanta rajistocinsa, ya saki, sannan ya yi sauran. A 6.2 ɗin kuma Vladimir Oltean ya cire buga saƙon a littafin kenel ya mayar da shi wurin bibiya, sai ka kunna da kanka a /sys/kernel/tracing in kana so ka gani. Abin da ka nema da printk ɗinka ke nan, ba tare da siriyal ta shaƙe ka ba.

Gargaɗi ɗaya: ka kulle soket ɗin ɗakuna kawai. Kada ka sa MAB a ƙofar da na'urar Wi-Fi take, don kowace wayar baƙo za ta riƙa kaɗa ƙararrawa, ka koma gidan jiya ta wata ƙofar.

Abdulhadi, Jarwal:
In za ka hau sabuwar kenel ka duba bishiyar na'ura ma, fayil ɗin da ke faɗa wa kenel yadda aka haɗa allon, ka ga yadda aka bayyana wayar intarof ɗin. Ƙafar suwic ɗin tana sauka ƙasa ta zauna a can har sai an share komai. Ina da ɗan allon Espressobin a gida mai suwic 88E6341, shi mai karɓar intarof ɗinsa saukar kawai yake gani, ba ya ganin zaman. In sabon laifi ya shigo ana cikin share na farko, ƙafar ba ta tashi ba balle ta sake sauka, shi ke nan an daina ji har abada. Saboda wannan allon aka sa kewayen da Injiniya ta ambata, a 2019. In kuma ba a haɗa wayar ba sam, direban yana leƙawa da kansa duk milidaƙiƙa 100. Duba /proc/interrupts ka tabbatar wanne kake kai.

Malam Bashir, Jidda:
Duk wannan bayan Sallah. Sagir, ka ji ni, kada ka sauya kenel a goman ƙarshe ko da waye ya ce.

Injiniya Rabi, Zahran:
A wannan ni da Baba bakinmu ɗaya. Gwada 6.6 a akwatin ajiya, ka haɗa zoben da hannunka a kan tebur, ka ga yadda yake yi kafin ka kai shi bene.

Sagir, Aziziyya (daren 25):
Dare biyu ke nan lambar lan3 ba ta motsa ba. Na rubuta ɗan shiri da ke karanta lambobin laifi na duk akwatuna bakwai kowane minti, in wata ta ƙaru da fiye da hamsin ya turo mini saƙo a waya da lambar hawa da ta ƙofa. Jiya ya tashe ni sau ɗaya, hawa na biyu, ashe mai shara ne ya ga waya na lilo ya soka ta a soket na kusa. Minti huɗu na gyara.

Mai gida ya amince da na'urar Wi-Fi ɗaya, ba biyun da na nema ba. Yaya Abdulhadi, in ba ka amfani da Espressobin ɗin nan ka ara mini bayan Sallah in gwada kulle ƙofa a kansa tukuna.

Abdulhadi, Jarwal:
Naka ne. Ka zo Jarwal ran uku ga Sallah, ka taho da wayar siriyal ɗinka, tawa ta karye.

Malam Bashir, Jidda:
Kada ka saya a Makka, tsada za su yi maka a wannan lokaci. Gobe zan bi ta Shari' Falasɗinu in ɗauko maka, ina shigowa daren 27 da iyali in sha Allah. Turo mini tsawon barandar da inda wutar take, in san ko in haɗo da waya.